Daren Talata a Sheboygan

Ni ke shafa wa layukan bolin mai.
Ƙarfe huɗu na yamma nake tura inji,
tabki na can waje yana huro sanyi.
Yau mai gida ya ce in saki hannu,
ƙafa arba'in da biyar, in malala da nauyi.

Mai ba ya ganuwa.
In ka duba, katako ne sumul,
fitilu na wanka a kansa,
ga tabare goma farare can ƙarshe
sun yi cirko-cirko kamar marasa laifi.

Dashiell ne ya fara, ɗan mai gasa burodi,
damtse ya cika hannun riga,
ƙwallo ja, ya sha guga har yana ɗaukar ido.
Ya murɗa, ya sake shi da ƙara,
yana jiran ya karyo kwana kamar kullum.
Ina! Ƙwallo sai juyi yake yana zamewa
kamar taya a kan ƙanƙara,
ya bi ta dama, ya lashi uku,
bakwai suka tsaya suna kallonsa.
Ya waiwayo ya harare ni.
Na ɗaga kafaɗa. Ƙarfi ba ya jin yaren santsi.

Marlys Pruszka tana kan benci,
shekara saba'in da ɗaya, gwiwa a ɗaure.
Ƙwallon marigayi Orval ne a cinyarta,
ramukan sun fi yatsunta faɗi,
ta cike su da salatif.
Tana ta murza shi da samfefa,
har fuskarsa ta dushe, ta yi kaushi.

Ta ce mini,
"Mai sheƙi ba ya kama ƙasa, Ignatz.
Ka ba shi haƙora, ka rage masa gudu."

Taku huɗu, ba gaggawa.
Ta ajiye shi kamar mai kwantar da jariri.
Ya zame, ya zame, ya zame,
na ce a raina wannan ma ya tafi,
sai ga busasshen katako a ƙarƙashinsa.
Nan ya farka, ya kafa ƙafa,
ya sunkuyar da kai hagu,
ya kutsa tsakanin ta ɗaya da ta uku,
rugum!
Ba wadda ta rage da sauran motsi.

Ya dawo da zobban mai a jikinsa.
Ta sa tawul ta share,
kamar yadda take share wa Orval gumi
a watanninsa na ƙarshe.
Wannan ban gani ba, ita ta faɗi.

Amma mai ba ya zama inda aka sa shi.
Kowane jifa sai ya lasa kaɗan,
ya ja kaɗan zuwa gaba.
A wasa na uku layin ya rame,
haƙoran nan suka soma cizo da wuri,
ƙwallon Orval ya riƙa tsallakewa hagu,
na Dashiell kuma ya sami bakin hanya.
Ta matsa katako biyu, ta ƙara ɗaya,
gwiwa ta ce iyakarta ke nan.
Da tabarya huɗu ya cinye ta,
ya tafi yana busa, bai san dalili.

Na kashe fitilun layi na tara.
Tana zuge jaka, tana neman safar hannu.
A bakin ƙofa ta tsaya,
dusar ƙanƙara na sauka kan hularta.
"Talata mai zuwa," ta ce,
"kada ka yi rowa. Ƙara masa zurfi."