Akwatin da Ya Zo Daga Ulan Bato

Ranar Talata akwatin ya iso
a bayan wata tsohuwar jif mai tari,
an naɗe shi da jan tef, an buga hatimi,
kamar ana tsoron iska ta leƙa ta karanta.
Direba ya ce, "Malama Narangerel, sa hannu nan."
Yatsuna sun ƙage, biro ya ƙi zuba
sai da na hura masa numfashi sau uku.

Yara goma sha tara, 'yan aji huɗu.
An ce can a Lisbon, can a Seoul,
can wani tsibiri da harshena ya kasa sunansa,
sa'o'insu na buɗe irin wannan takarda
don a auna mu duka da mudu ɗaya.
Na ce to. Na ƙara busasshen kashin shanu a murhu.

Karatun farko labarin wani tsoho ne
mai tsaron fitila a bakin teku.
Batzul ya ɗaga hannu, hanci na yoyo:
"Malama, ita teku tana daskarewa?"
Doka ta ce kada in ce uffan.
Na dubi agogo. Na dubi taga.
Bayan tagar, ciyawa ce kwance ƙarƙashin ƙanƙara
har inda doki zai gaji.

Lissafi bai ba su wuya ba.
Wanda ke ƙirga tumaki ɗari uku da magariba,
ya san wadda ta ɓace kafin ya kai ƙarshe,
rabin rabi ba zai firgita shi ba.

A kimiyya aka ce: yaushe ƙanƙara ke fara narkewa?
Sarnai ta cika layukan, ta gangara gefen shafi:
babanta kan durƙusa a kan kogi, ya kara kunne,
in ƙanƙarar ta yi kukan ɗan maraƙi
ba a ƙetarewa da doki.
Na san abin da masu ba da maki ke nema,
lamba ce, da ɗan zobe a kafaɗarta.
Ban sani ba ko takardarsu na da gurbin kunne.

Sai da sanyi biyu suka wuce sakamako ya fito.
Jarida ta jera tutoci kamar shanya,
wasu can sama, wasu can ƙasa,
tamu a inda take.
Shugaban makaranta, Dorjsuren, ya bi layin da farce,
ya yi tsaki, ya ninke, ya ɗora butar shayi a kai.
Na nemi Sarnai cikin lambar, ban gan ta ba.
Gishiri ce a miya: tana ciki, ba a tsamo ta.

Amma kada in yi ƙarya don raina ya yi sanyi.
Akwai Enkhjin, ta kujerar gaba,
mai murya garau,
wadda shekara uku nake tsayarwa ta karanta wa baƙi.
Ranar nan ina tsaye a bayanta,
yatsanta a kan layin farko,
minti arba'in bai gusa ba.
Ashe hadda take yi. Da kunne take karatu.
Labarin da ba ta taɓa ji ba, katanga ne.
Ni da ke tsefe mata kai ran Lahadi a ɗakin kwana,
ni da na san wane haƙorinta ke girgiɗi,
sai da akwati ya keto duniya
ya nuna mini abin da ke ƙarƙashin hancina.

Tun daga makon nan, in an tashi,
mukan zauna kusa da murhu, ni da ita,
baƙi ɗaya, wasali ɗaya, tsaki, a sake.
Sun tafi da takardunsu a rufe,
sai na rubuta mata nawa labarin, da tawa fitilar.

Wata yamma ta haɗa kalmar da kanta.
Te. Ku.
Ta ɗago, ta ce, "Wai tana daskarewa?"
Babu agogo, babu doka.
Na ce, "Wata tana yi, wata ba ta yi.
Ci gaba, akwai saura a layin."