Rabin Maganata

Ran Laraba ya iso Aliero da jaka a kafaɗa,
yaro ne, Zayyanu, takalminsa bai san laka ba.
Ya same ni bakin kwalbatin da ruwa ya cinye
ina juya albasa, ina raba mai rai da gawa.
Ya ce, "Baba, yi magana, duniya na saurare."
Ya miƙo mini wani ƙarfe mai hular soso
har ya kusa taɓa mini gemu.

To, na yi magana.
Na ce buhu arba'in na kwaso daga fadama,
goma sha ɗaya suka ga idon mai saye.
Na ce motar Jega can ƙetare take tsayawa,
direba ya leƙo, ya tofar da goro, ya juya.
Na ce bara an zo da tuta da makaɗa,
aka yanka ƙyalle, aka kafa allo,
ga allon nan tsaye, ya fi aikin lafiya.
Na faɗi jakin Arzika da ramin ya karya,
na faɗi bashin iri da ke hana ni barci.
Da zan rufe, don inna ta koya mini ladabi,
na ce, "Duk da haka, mun gode da aka tuna da mu."

Bayan isha'i muka kewaye rediyon Kakale mai shayi.
Ige ta turo yaro ya jiyo mata ta katanga.
Aka yi take, aka yi tallar taki,
sai mai karatu ya gyara murya:
manoman Aliero sun bayyana farin cikinsu.
Sai ga ni. Ni ɗin nan, da tarina,
da kukan akuyar da ke ɗaure a bayana:
"Mun gode da aka tuna da mu."

Aka shiga labarin ƙwallo.

Shayi ya huce a hannun kowa.
Arzika ya dube ni kamar ni na haƙa ramin.
Ya ce, "Nomau, nawa suka ba ka?"
Na buɗe baki in rantse ban faɗa ba,
rantsuwar ta ƙi fita, don na faɗa.
Babu harafin da ba nawa ba.
Ƙwayar suka zubar a hanya,
suka kai ɓawon kasuwa da sunana.

Kwana biyu, samari na nuna ni a waya,
an ɗora mini hular jam'iyyar da ban taɓa sawa ba.
Kwana huɗu, wani gidan rediyon ya aiko,
na 'yan ɗaya ɓangaren, da fara'arsu.
Suka ce in maimaita, kada in rage komai,
sai dai godiyar nan, a bar ta a gida.
Ashe su ma rabi suka zo awo.

Na gamu da Zayyanu a tashar Birnin Kebbi,
ya rame, takalmin ya koyi laka.
Ya ce, "Baba, wallahi duka na kai musu.
Daƙiƙa goma aka yanka mini,
kuma mai tallar takin nan, shi ya yi kwalbatin."
Na ba shi albasa uku, cikin masu rai.
Wata huɗu, in ji shi, ba a biya su ba.

Har yau ina sauraren labarai, ban yi fushi ba.
Amma in aka ce mutanen gari kaza na murna,
sai in matsa kunne can bayan muryar,
in nemi tarin, in nemi akuyar,
in auna nauyin abin da tsohon ya faɗa
kafin ladabi ya kama shi.

Ruwa kuwa yana nan yana cin gefen hanya.
Shi ba a ɗauki muryarsa ba,
shi ya sa yake faɗin tasa har ƙarshe.