Zobe Biyu a Kanazawa

Ƙarfe biyun dare. Ƙanƙara na sauka kan rufin ɗakin bincike.
Tomoe Kurahashi ta tuɓe takalmanta,
don ko takun sawu yana firgita allurar.
Allura ce da gashin ido ya fi ta kauri nesa ba kusa ba,
tana lalube, tana shafa
wata ƙofa da aka ciro daga fatar bakteriya
mai zama cikin tafasasshen ruwa mai warin farar wuta.

Ƙofar ƙyaure huɗu gare ta,
kowane da aljihunsa rataye ta cikin gida.
A rufe take ruf.
Potasiyam ya yi dafifi a bakinta,
ba mai ce masa shigo.

Ta ɗiga cAMP.
Ɗan zobe ne: sukari da fosfet sun sarƙe hannu
har suka rufe da'ira.
Ya yi ta gararamba a ruwa, ya faɗa aljihu.
Can ƙasa wani yatsa ya cafke fosfet ɗin,
murfi ya kwanto a kai,
aljihu ya tsuke, ya ja igiya,
igiya ta ja ƙyaure.

Ba wangalewa ta yi ba.
Ƙiftawar ido, ta koma.
Amma a wannan ƙiftawa dubbai sun wuce a jere,
kuma a ɗaya allon, inda Nagao ya yi barci kan hannunsa,
layin lantarki ya yi tsalle taki ɗaya
ya dawo kwance.

Ta wanke. Ta ɗiga cGMP,
ɗan'uwan wancan, kamar an tsaga kara.
Shi ma ya shiga aljihu, ya zauna daram.
Shiru.
Murfi bai kwanta yadda ya kamata ba,
igiya ba ta ji an ja ta ba.
Ya dai tare wurin,
ko mai buɗewar ya zo, sai ya jira a waje.

Nan ta ɗaga hannu daga maɓalli.

Ranar Lahadi ta je Nonoichi, gidan tsofaffi,
da lemo uku a jakar takarda.
Iwao, mahaifinta, wanda ya shekara arba'in
yana gane ciwon injin jirgin ruwa da kunne,
yana zaune yana kallon taga.
Ta ja kujera. Kujerarta ce, ba wanda ya hana ta.
Ta ce, Baba. Ta ɓare lemo. Ta sake cewa.
Awa guda, ko gira bai ɗaga ba.

Sai ga mai jinya, Sachie, da butar shayi,
ta ce da shi, yau ma sanyi, ko?
Fuskar tsoho ta buɗe.
Ya ba ta labarin shekarar da ƙanƙara ta binne ƙofofi
har suka riƙa fita ta tagar sama,
ya yi dariya, haƙora uku,
ya koma ga tagarsa.
Tomoe na riƙe da ɓawon lemo.

Yanzu ta jawo littafin aiki,
ƙarƙashin lambobin daren ta rubuta:
kamawa dabam, buɗewa dabam.
Ta dubi jimlar. Ba ta soke ta ba.

Ta lulluɓa wa Nagao rigar sanyinta,
ta wanke zoben na biyu da ruwan gishiri,
sau uku, kamar yadda ƙa'ida ta ce,
ta koma ga allura da safa kawai a ƙafa.