Bangon Lawandi

Lawandi ya dawo ana tsakar girbi,
ba akwati, sai gwangwanin fenti uku
da farin gishiri a bakin takalminsa.

Ya ce can gidaje hawa suke kan juna
kamar awaki a duwatsun Birnin Kudu,
wannan ja, wancan ruwan ƙwai,
ko matakala sai an zana mata kifi.
A ƙasa jiragen ruwa na kuka da asuba
kamar sa ya ɓace wa garke.

Muka yi dariya. Inna Tabawa ta ce,
"Baki dai ba ya biyan kuɗin mota."

Bai tanka ba.
Ya shafe bangon zaure da farar ƙasa,
ya zana gidaje bakwai suna gangarowa ruwa.
Shuɗi ya ƙare, teku ba ta cika ba,
ya ƙarasa da bular wankin Inna.

Yanzu yara in sun taso daga kiwo
sukan dangwala yatsa a bangon,
su lasa, su ji ko da gishiri.

Ni ma jiya da magariba,
da na ga ba kowa,
na taɓa.