Ganye Ɗaya

Na san jakin nan tun ina aji uku
a makarantar Gangare, bayan layin masu wanki.
Littafin ba bango, tawadarsa ta koɗe.
Malama Kyauta ke karantawa, mu muna rawar ɗari,
hannuwa a hammata, hanci na yoyo.
Ita kaɗai ta iya kukan jakin da ya ɓata.

Yau ga shi an hura masa rai, yana tafiya a majigi.
Na biya kuɗin mutum biyu, ni da Rumasa'u,
da guggurun da ya fi tsire tsada.
Aka kashe fitilu.

Kai! Wa ya wanke mana jaki?
Namu mai ƙazuwa ne, kunnensa ɗaya a yage.
Wannan idonsa ya kai faifai,
ya sha kwalli kamar mai zuwa biki.
Tasalla da muka sani faso ne takalminta,
nan an sa mata jan kambas, sabo fil,
ta taka taɓo, ta fito ba ɗigo.
Kura kuwa sai hargagi take, tana zare ido.
A bakin Malama kura ba ta ɗaga murya,
raɗa take yi,
shi ya sa muke matse juna a benci.

Amma ba zan ci haƙƙin masu zane ba.
Duwatsun sun yi.
Sun goyi juna kamar na hanyar Shere.
Kududdufin kuza ya kwanta kore shar, ya yi shiru
irin shirun da iyayenmu ke hana mu kusanta.
Inda Tasalla ta tsaya a bakinsa tana kira,
layi ɗaya littafi ya ba wurin.
Su suka tsayar da kiɗa, suka bar iska kaɗai,
har Rumasa'u ta manta da gugguru,
ta kafa mini farce a hannu.

Sai ga ƙarshe.
Wai jaki ya dawo!
Ya ɓullo ta cikin gonar dankali da asuba,
yara na tafi, ni ina tsaki.
Na ce, ƙarya ce, sun zuba sukari a miya.
A littafi bai dawo ba.
Tasalla na kan dutse, igiya a cinya,
rana ta faɗi, shi ke nan.
Shekara arba'in ina ɗauke da wannan igiyar,
da ita na koyi cewa abu kan tafi
ko da ka kira shi da sunansa.

Washegari na nufi Taminus neman shaida.
Baba Gyang, ƙarƙashin lemarsa mai faci,
ya tono mini sabon bugu daga ƙasan kwali.
A tsaye na buɗe, ina lasar yatsa.
Namu ya ƙare a shafi na arba'in da shida.
Wannan arba'in da takwas gare shi.

Ga gonar dankali. Ga asuba.
Ga kunne ɗaya a yage.

Ashe ganye ɗaya ne ya faɗi.
Ko gara ta ci, ko an naɗe ƙosai da shi,
Malama ba ta faɗa mana ba,
wataƙila ita ma ba ta sani ba.
Mu talatin da bakwai muka yi makokin jaki
yana tsaye a bayan takarda, yana jiran a juya.

Da dare na karanta wa Rumasa'u.
Na yi raɗar kura, ta ce, Baba, ba haka take yi ba.
Na kai inda Tasalla ke kan dutse,
na ji bakina ya tsaya da kansa
kamar tsohon doki a ƙofar gidansu.

Ta ce, to, juya mana.
Na ce, bari ta ɗan ƙara zama,
na fi ki sanin tsawon daren nan.