Unguwa Kafin Gida

Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan wayar Damagaram,
ina jefa wasiƙu cikin akwatuna masu ƙananan ƙofofi.
Yau ga ni, tabarau a kan karan hanci,
na kasa aika takarda guda
daga teburina zuwa firintar da ke bayan ƙyaure,
taku huɗu, in gwiwa ta yarda.

Duk sadda kuran ya ɗauke ya dawo
sai firintar ta farka da sabuwar lamba,
kamar ɗan hayar da ba ya kwana biyu a ɗaki ɗaya.
Na gaji. Na ce zan yanka mata fili na dindindin.
Na danna ɗari da casa'in da biyu,
ɗari da sittin da takwas,
sifiri,
hamsin.
Na gyara zama ina jiran godiya.
Ko tari ba ta yi ba.

Barira jikata ta shigo daga Kasuwar Dole,
ƙanƙara na ɗiga daga ledar hannunta.
Ta leƙa ta kafaɗata, ta ƙunshe dariya.
Ta ce, Kaka, ai ka kai ta Garin Malam,
alhali mu muna Birni.

Na ce, ga ta can, ina ganin ƙurar bayanta.
Ta ce, idonka ke ganinta, rezo bai san ɗaki ba.
Dubi akwatin mai 'yan fitilun nan:
lambarsa ta uku ɗaya ce, kai ka sa sifiri.

Sai ta nuna min layin ƙasa, wanda na tsallake
don ya yi kama da kwanon da aka cika sau uku:
ɗari biyu da hamsin da biyar,
haka, haka, sannan sifiri.
Ta ce, wannan rariya ce.
Inda ta cika, sunan unguwa ne, ba a taɓawa.
Inda ta bar sifiri, nan ne lambar gida,
nan kaɗai aka ba ka zaɓi.

Na cire tabarau.
Yarinya, wannan ai aikina ne!
Ba a duba lambar akwati sai an duba gari.
Ta Mirya ba ta shiga buhun Tanut
ko da lambobinsu sun zo ɗaya.

Ta ce, to, kada ka ɗauki sifiri, sunan unguwar ne kanta.
Na ƙarshe na mai shela ne, kowa yake kira.
Ɗaya kuwa zaure ne,
ta nan saƙon waje ke fita.
Kuma ka matsa daga layin 'yan haya,
kada wayar baƙo ta kwana a filinka.

Na goge sifiri, na sa ɗaya.
Firintar ta yi gyaran murya,
ta jawo takarda, ta miƙo ta da ɗumi
kamar waina daga tanda.

Barira ba ta tambayi ta wane ne ba.
Ta Tsahiru ce, ƙanena,
wanda katangarsa ke jingine da tawa
a gindin dutsen da muka zame a kansa muna yara.
Damina shida ke nan, tun rabon gonar Baba,
saƙona ba ya isa gare shi sai ta bakin liman,
nasa ba ya zuwa sai ta bakin suruki.

Na duba mu da rariyar yarinyar nan.
Uwa ɗaya.
Uba ɗaya.
Lungu ɗaya.
Lambar ƙarshe ce kawai ta bambanta.
Me ya kai mu zauren wani?

Na ninke takardar, na sa ƙarƙashin butar shayi.
Barira, miƙo min takalmina.
A'a, ba na masallaci ba,
silifas ɗin ma sun isa.