Abin da Ke Gudana Ƙarƙashin Daɓe

Eskil ba ya buɗe ƙofa, bankaɗa ta yake.
Shekararsa bakwai, ƙafarsa ba ta san sannu ba.
Mariƙin ƙyaure ya ci bango har ya yi rami,
rami daidai cikin cokali, farin gari na zuba.
Torunn ta nuna min shi da haɓa, ba ta ce uffan ba.

Ran Asabar na fita kanti cikin duhun Tromsø,
ƙarfe biyun rana, fitilun titi duk a kunne.
Na sayo matokarai uku masu hular roba,
na dawo na durƙusa bayan ƙofar kicin,
na ɗiga fensir, na ɗora bakin injin huda.

"Kul!" in ji surukina Halvard daga kujera.
Shekara arba'in yana gyaran famfo kafin gwiwa ta ƙi.
"Daɓen nan da kake gani fata ce, yaro,
akwai jijiya a ciki, ruwan ɗumi ke zagawa.
Ka huda ɗaya, sai mun fasa tayil har bakin falo,
mu kwana da safa bibbiyu har ƙanƙara ta narke."

Na ce, takardun ginin fa?
Torunn ta yi dariya: maginin ya karye tuni,
ya bi rana zuwa kudu, da taswirarsa a jaka.

Sai tsoho ya tuɓe safa.
Ya ce a murɗa ɗumi har ƙarshe, a kawo bokiti.
Ya jiƙa tsumma, ya shafe daɓe a hankali
kamar mai shafa wa jariri mai bayan wanka.
"Yanzu ku yi shiru. Gida zai faɗa da bakinsa."

Muka tsuguna mu biyar muna gadin jiƙaƙƙen tayil.
Har Eskil ya riƙe numfashi.
Can sai wani siririn layi ya fara bushewa,
ya miƙe, ya karya kwana a gindin firji,
ya dawo, ya sake tafiya, kunya bayan kunya,
gona ce sukutum a ƙarƙashinmu ba mu sani ba.
Sunniva ta bi shi da alli, harshe a waje.
Inda kyanwa ke kwanciya hunturu uku a jere
nan bututu biyu suka gamu.
Ashe ita ta daɗe da karanta takardar.

Ɗigon fensirina kuwa, yana tsakiyar layi, cif.
Gumi ya karyo min a garin da ba a gumi.
Halvard bai dube ni ba, ya dai nemi kofi.

Na farko mun kai shi yatsa uku hagu da alli,
tsoho ya naɗa zare a bakin ƙarfe, iyaka ke nan.
Na biyu gam muka sa, aka ɗora masa tukunya ya kwana.
Na uku ya haƙura da ƙasa, ya koma jikin bango.
Ramin nan na ɗauko siminti zan cike,
Torunn ta riƙe hannuna: bar shi tukuna.

Yau kwana tara.
Ƙofa na zuwa da gudu, roba ta tare ta, tuf,
kamar an jefa wa matashi dunƙule.
Bango ya huta. Kofuna sun daina rawa a kanta.
Allin ya goge, amma tafin ƙafata ya haddace,
da dare ina bin layin har famfo, ba fitila.

Abu ɗaya ne ba a faɗa min a kanti ba.
Da, ina sama ina aiki, gidan kan girgiza,
in ce, to, yarona ya dawo makaranta.
Jiya har ƙarfe huɗu ina kasa kunne.
Na sauko da sauri, zuciya a hannu,
na tarar da shi kwance rub da ciki kusa da kyanwa,
kunci a kan tayil,
wai yana jin ruwa na wucewa.